An ajiye biro amma hankali ya ƙi kwanciya, ƴan shari'a ku zo mu yi magana

Autar Gida:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau da rana muka rubuta fefa ta ƙarshe, aji uku na karatun lauya ya ƙare ke nan in Allah ya yarda. Na dawo ɗaki na cire fari da baƙin nan da ɗaliban lauya suke sawa na ninke, abokan zamana har sun fara haɗa kaya kowa sai murna, ni kuwa wlh zama na yi bakin gado na kasa ko motsi. Ba gajiya ba ce kaɗai, jarrabawar dokar tot, wato dokar biyan diyya ga wanda aka cutar, ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Na shiga da shari'o'i sun fi hamsin a kaina, suna da shekara da kotun da ta yanke, ko tsakar dare aka tashe ni zan karanto shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932 tun daga kwalbar da aka ce an samu dodon koɗi a ciki har maganar alƙali Lord Atkin a kan waye maƙwabcinka da doka ta ce ka kiyaye kar ka cutar. Sai ga tambaya ta ɗaya wadda dole kowa ya amsa ta zo da labari, wai direban wani kamfani aka aike shi kai kaya, ya karkata ya tafi sabgar gabansa, a hanya ya buge wani mutum da yake tsallaka titi yana danna waya, aka kai mutumin asibiti aka bar shi awanni ba wanda ya duba shi har ƙafar ta lalace aka yanke, wai a ba mutumin shawara ta shari'a. Sau uku na karanta. Duk abin da na haddace yana nan a kaina amma na rasa wanne zan fara ɗaukowa, ƙarshe na cika shafi biyu da tarihin Donoghue, ban farga da maganar ko kamfanin zai ɗauki alhakin direbansa ba sai da aka ce saura minti goma.

Don Allah manyanmu, haka kowa yake ji a ƙarshen shekara ko ni ce ban dace da karatun nan ba? Sannan hutun nan me ya kamata in yi da shi, in huta ne ko in nemi ofishin lauyoyi in dinga zuwa?

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam Anti. Ni aji ɗaya na gama, gaskiya kin tsorata ni, shari'a hamsin a fefa ɗaya??

Ɗan Aji Huɗu:
Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Abin da kike ji kusan kowa yana jinsa, wata uku jikinki ya saba da tashi kafin asuba da fargabar gobe, rana ɗaya an cire masa fargabar shi ya sa ya rasa yadda zai yi. Kwana uku zai sake ki. Amma kar wani ya zo ya ce miki hadda ce ta cuce ki don na san yanzu za a fara wannan maganar. Lauya da ba shi da madogara a baki, wato sashen doka ko tsohon hukuncin da zai kafa hujja da shi, me ya rage masa? A aji huɗu za ki haɗu da dokar filaye da dokar shaida, in ba ki riƙe cewa sashe na 22 na dokar amfani da ƙasa ta 1978 shi ne yake maganar sahalewar gwamna kafin a sayar da fili ko a jinginar da shi ba, kuma Savannah Bank da Ajilo 1989 ita ce shari'ar da kotun ƙoli ta yi bayani a kai, to duk fahimtarki malami ba zai ba ki makin ba. Ki ƙara hadda ma, ba ragewa ba.

Barista Babba:
Ɗan Aji Huɗu ban ƙi ta taka ba amma ka tsallake inda ciwon yake. Yarinyar nan ba madogara ta rasa ba, ita da bakinta ta ce hamsin ta shiga da su. Abin da ta rasa shi ne ido, wato ta kalli labari ta ga rigingimu nawa ne kwance a cikinsa. Autar Gida ki sake duba tambayar da kika kawo mana, rigima huɗu ce aka cusa a layi biyar. Direban ya yi sakaci ko bai yi ba. In ya yi, kamfanin zai biya ne ko kuwa karkatar da ya yi ta fitar da shi daga bakin aiki, nan ne ake kawo Joel da Morison 1834 inda aka yi maganar ma'aikacin da ya tafi yawon kansa. Shi wanda aka buge da yake danna waya a tsakiyar titi yana da nasa kason na sakaci, wanda zai sa a rage masa diyya. Sai asibitin, jinkirinsu ya yanke igiyar da ta haɗa direban da yanke ƙafar ne ko igiyar tana nan. Donoghue a nan layi biyu kawai take buƙata, domin ba wanda zai tsaya musu a kan cewa direba yana da nauyin kiyaye masu tafiya a ƙasa, an daɗe da wuce nan.

Na yi shekaru ina aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya shigo ofis ya ce Barista ga matsalata ta dokar tot ba. Labari zai zubo miki, rabinsa ba shi da amfani, abin da ya fi muhimmanci kuma sai yana miƙewa zai tafi zai faɗa kamar da wasa. Jarrabawar ƙarshen shekara wannan take gwadawa.

Autar Gida:
Ranka ya daɗe wlh da na karanta jawabinka sai da ƙwalla ta zo min, don duk huɗun nan na san su, an koya mana, Joel da Morison tana cikin littafin rubutuna na ja mata layi da jan biro ma. Ban gan ta a cikin labarin ba ne kawai.

Ɗan Aji Huɗu:
To ai ka ga Barista, kai ma da ka tashi warwarewa suna da shekara ka kawo. Da ba ka haddace ba da me za ka kawo?

Barista Babba:
Na haddace ta ne saboda na san aikin da take yi, ba don in jera ta ba. Bambancin ke nan.

Malamin Tsangaya:
Bari in sa baki tunda ni nake zama da takardun nan bayan kun tafi hutu, yanzu haka akwai ɗauri uku a gabana. Ba zan yi maganar jarrabawar wani malami ba, kowa da tsarin makinsa, amma zan faɗa muku abin da nake gani duk shekara ba fashi. Kashi mafi yawa na ɗalibai suna rubuta duk abin da suka sani a kan darasin ne, ba abin da aka tambaya ba. Sai ka ga shafi huɗu masu kyau, rubutu tsaf, shekaru daidai, amma sunan mutumin da aka ce a ba shawara bai fito ko sau ɗaya ba. Ina jin zafin hakan sosai domin na san yaron bai yi barci ba, ya sha wahala, amma ba ni da inda zan ɗora masa maki. Tsarin da muke ta nanata muku tun aji ɗaya ba ado ba ne, ka fito da abin da ake jayayya a kai, ka faɗi ƙa'idar da madogararta, ka ɗora ta a kan labarin da ke gabanka, sannan ka yanke. A mataki na uku yawancin makin yake kuma nan ne kowa yake gudu.

Ki ɗauki maganar asibitin nan. Ɗalibin da ya rubuta min cewa ba kowane sakacin likita ne yake wanke wanda ya fara jawo raunin ba, sai in ya yi muni ƙwarai, sannan ya tsaya ya auna awannin da aka bar mutumin, ya ce in kaza ne ga inda za a dosa in kuma kaza ne ga inda za a dosa, wannan ko ya manta sunan shari'ar zan ba shi fiye da rabi. Wanda ya kawo min Wagon Mound 1961 da labarin man da ya malala a tashar jiragen ruwa ta Sidni tiryan-tiryan, har ya gaya min ita ce ta kawar da Re Polemis 1921, amma bai ce min ko yanke ƙafa abu ne da mai hankali zai iya hangowa daga buge mutum da mota ba, to ya karanta min littafi ne, ni kuma ina da littafin.

Sannan Autar Gida, kar ki yanke wa kanki hukunci tun ba a zauna ba. Tambaya ɗaya ce, akwai sauran, akwai kuma makin gwajin tsakiyar zango. Na sha ganin wanda ya fito yana kuka ya ci, da wanda ya fito yana dariya ya faɗi.

Autar Gida:
Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Sauran tambayoyi ukun na ji daɗinsu gaskiya, ɗaya a kan Rylands da Fletcher ce, shari'ar abin da mutum ya tara a filinsa ya kuɓuce ya yi wa maƙwabci ɓarna, ita kam na san na ɗora ta a kan labarin.

Ɗan Aji Huɗu:
Malam Allah ya gafarta, ina da ja kaɗan. Mu da muke haɗawa da shari'ar Musulunci, a rabon gado ba yadda za ka yi da fahimta in ba ka haddace kason ba. Miji rabi in ba ɗa, rubu'i in da ɗa, mata rubu'i ko sumuni, ƴa ɗaya rabi, biyu zuwa sama sulusi biyu. Wannan ba a yi masa dabara.

Malamin Tsangaya:
Ka kawo misali mai kyau, kuma shi zai ba ka amsa. Mace ta rasu ta bar miji da ƴan uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. Asalin mas'alar shida, miji uku, su huɗu, ka tara ka samu bakwai, dukiya kuma ba ta kai ba. Wanda ya haddace kaso kaɗai nan zai tsaya yana kallon takarda. Wanda ya gane auli zai ɗaga asalin zuwa bakwai kowa ya ragu daidai gwargwadonsa, kamar yadda aka yi tun zamanin Sayyidina Umar. Ba wanda ya ce kar ka haddace, ɗana. Hadda ita ce kayan aikin, amma sai an koyi riƙe su.

Ɗan Aji Huɗu:
Na karɓi wannan Malam. Amma dai har yanzu ina nan a kan cewa wanda bai haddace ba bai ma kai ga inda zai tsaya yana kallon takardar ba.

Mai Shiru:
Ni ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Bara a daidai irin wannan lokacin na tafi hutu da fargaba, sakamako ya fito na ga na faɗi dokar ƙulla yarjejeniya, kariyoba ta farko a rayuwata, ni da tun firamare ban taɓa wuce na uku ba. Wata guda ban gaya wa kowa a gida ba, ana tambayata yaya sakamako ina cewa bai fito ba. Abin da ya fi ciwo ba faɗuwar ba ce, shiga aji tare da ƙannenka ne ka zauna a baya kana jin kamar kowa kai yake kallo, alhali wlh ba wanda ya damu da kai. Amma a karo na biyun ne na gane darasin. A da na san Carlill da kamfanin Carbolic a matsayin labarin matar da ta yi amfani da maganin mura ta kamu ta nemi fam 100 da aka yi alkawari, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa fam 1000 da kamfanin ya ce ya ajiye a banki ya zama abin da ya kama su ba, sai bana na gane shi ne ya nuna da gaske suke ba cika bakin talla ba ne. Haka Adams da Lindsell 1818 da Entores 1955, a da shekaru biyu ne kawai a kaina, bana na zauna na tambayi kaina to in ta saƙon waya aka amsa tayi fa, wacce za ta yi aiki, ta wasiƙa ko ta saƙon nan take. Tambayar da ta fito ke nan kusan.

Ban ce kowa sai ya faɗi zai gane ba, Allah ya kiyaye, makina ya sauka kuma har yanzu ina fama in dawo da shi sama da 3.50. Ina so dai Autar Gida ta sani ko da abin da take tsoro ya faru, ana tashi. Kuma ki gaya wa wani a gida yadda kike ji, ɓoyewar da na yi ta fi faɗuwar cin raina.

Autar Gida:
Yaya Allah ya saka da alheri da ka buɗe mana wannan. Allah ya sa bana ka ga abin da kake so.

Mai Shiru:
Amin ƙanwata, tare da ke.

Maman Biyu:
Ku kuna maganar hutu, mu ƴan aji biyar ƙarshen shekara ba ya zuwa mana da hutu sam. Na gama falsafar shari'a da dokar kamfanoni ranar Litinin, amma kundin bincikena babi na huɗu yana hannun mai duba ni, ya dawo min da na uku sau biyu saboda yadda nake kawo madogara a ƙasan shafi, kuma da gaskiyarsa don na je na duba na ga wata shari'ar da na dogara da ita an riga an soke ta a kotun ɗaukaka ƙara ni ban sani ba, daga tsohon handawut na kwaso ta. A kan kamfanin mutum ɗaya nake rubutu, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum guda ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ina haɗa shi da shari'ar Salomon ta 1897 inda sai da mutumin ya sa matarsa da ƴaƴansa biyar suka riƙe hannun jari ɗaya ɗaya don a cika bakwai da doka take nema a lokacin. Ina son batun har raina amma sai yara sun yi barci nake samun zama, wani lokacin in farka in ga kaina a kan kwamfuta.

Abin da zan ce miki Autar Gida, ki huta tukuna. Sati biyu cur kar ki buɗe littafin doka, ki yi barci, ki zauna da mutanen gidanku da kika yi wata da watanni kina amsa musu waya da ina karatu zan kira. Ni na yi kuskuren nan a aji uku, ban huta ba na wuce ofishin lauyoyi kai tsaye, na dawo aji huɗu a gajiye, kuma aji huɗu ba ya tausayin kowa.

Barista Babba:
Maman Biyu ta yi gaskiya a kan hutawa, amma kar sati biyu su zama wata biyu. Kuma ni ba ofis ma zan fara tura ta ba, kotu zan tura ta. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a bainar jama'a ake zaman shari'a, ba kya buƙatar takardar kowa, ki sa kaya na mutunci ki kashe waya ki je da wuri ki duba jerin shari'o'in ranar ki zauna a baya da littafin rubutu. In hutunku ya faɗo cikin hutun shekara na manyan kotuna, kotunan majistare suna nan suna zama, kuma can ne ma za ki ga rayuwa tsirara, beli, sata, rikicin haya. Duk shari'ar da aka kira ki rubuta abu ɗaya tak, a kan me mutanen nan biyu suka saɓa. Ba sunan doka ba, ainihin abin da suka saɓa a kai. Ki yi haka kwana ashirin ki dawo ki sake karanta tambayar direban nan.

Anti Lauya:
Yaya Barista na yarda da kotu ɗari bisa ɗari, amma ofis ma kar a raina shi, sai dai a zaɓa. Akwai inda za ki je wata guda ba abin da za ki yi sai ɗaukar jaka da zaman jiran oga, akwai kuma ƙaramin ofis mai lauya biyu ko uku da za su miƙo miki fayil su ce karanta ki gaya mana me kika gani. Na biyun za ki nema ko da ba shi da suna. Ni a irinsa na fara ganin takardar rantsuwa da idona, na ga yadda ake tsara buƙata a rubuce, kuma ranar da na ga an ƙi karɓar wata hujja da aka ciro daga kwamfuta saboda ba a cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ba, ban sake manta sashen nan ba har yau, ba tare da na zauna haddarsa ba.

Kuma ku da kuke ƙasa ku sani, digirin shekara biyar ba shi ne ƙarshe ba. Makarantar horar da lauyoyi tana jiranku, ko Bwari ko Legas ko Bagauda ko Agbani ko Yola ko Yenagoa ko Fatakwal duk inda aka jefa mutum, darussa biyar ne, shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar kadarori, harkar kamfanoni, sai ladubban aikin lauya. Can ba wanda zai ce ki ba da tarihin wata shari'a, cewa za a yi ga labari, wace kotu za ki je, da wace takarda za ki shigar, cikin kwana nawa, rubuta mu gani. In kika kai ƙara kotun da ba ta da hurumi duk abin da aka yi ya tashi a banza, shi ya sa Madukolu da Nkemdilim 1962 ba ta barin bakin lauyoyi. Wanda ya saba da karatun aku tun jami'a can yake shan wuya, na ga masu babban sakamako suna kuka a wata na biyu. Don haka abin da ya same ki a aji uku gara yanzu da can.

Sabon Shiga:
Anti Lauya mu ƴan aji ɗaya fa, za mu iya zuwa kotun ko sai mun fara ainihin darussan doka? Don bana yawanci darussan gama-gari muka yi sai hanyoyin nazarin doka.

Anti Lauya:
Ka je mana ƙanena, ai ba a tambayar aji a ƙofa. Ba za ka gane rabin abin da ake yi ba da farko, ka rubuta kalmomin da suka shige maka duhu ka dawo ka tambaya a nan. In alƙali ya shigo ka miƙe, in za ka fita ka ɗan rusuna, kar ka ɗauki hoto.

Ɗan Aji Huɗu:
Ni dai shawarata ga Autar Gida daban ce kuma ba zan fasa ba, ki nemi dokar shaida da dokar amfani da ƙasa tun yanzu ki fara bin sassan ɗaya bayan ɗaya, ko shafi biyu a rana. Idundun da Okumagba 1976, hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, ki shiga aji huɗu da su a kanki. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Maman Biyu:
Kai Ɗan Aji Huɗu ka bar yarinya ta numfasa mana, yau fa ta ajiye biro.

Ɗan Aji Huɗu:
Anti ai ban ce yau ba, bayan sati biyun da kika ba ta.

Malamin Tsangaya:
Kowannenku yana da gaskiya a wani ɓangare, sai dai zan ƙara abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Ku dinga karanta hukunci cikakke ko da guda ɗaya ne a sati, ba taƙaitawar layi biyar da ake yawo da ita a waya ba. Ku ga yadda alƙali ya jero abin da ya faru, ya ware abin da ba a jayayya a kai, ya fito da tambayar da zai amsa, ya saurari ɓangare biyu, sannan ya yanke. Amsar jarrabawa ke nan aka rubuta muku kyauta. Donoghue ɗin nan da Autar Gida ta haddace, alƙalai biyar ne suka zauna, uku suka rinjayi biyu, ku nawa ne kuka taɓa karanta abin da biyun nan suka ce da dalilinsu? Wanda ya karanta su ne zai gane me ya sa rashin yarjejeniya tsakanin matar da ta sha abin da ke cikin kwalbar da mai kamfanin da ya yi shi ya zama babbar matsala, tunda ba ita ta sayi abin da kuɗinta ba.

Autar Gida:
Malam ban taɓa sanin ma an rabu uku da biyu ba, kuma ita ce na fi taƙama da ita.

Mai Shiru:
Nima sai yanzu.

Autar Gida:
Salam ƴan uwa, na dawo da labari. Na yi sati biyun Anti Maman Biyu, kwana huɗun farko barci kawai na yi ta yi, na kuma zauna na gaya wa mahaifiyata komai kamar yadda Yaya Mai Shiru ya ce, ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sakamako bai fito ba har yanzu. Yau na je kotun majistare karo na farko, na isa tun kafin a buɗe. An kira shari'a goma sha ɗaya, bakwai ɗage su aka yi cikin ƴan mintuna, wata lauya bai zo ba wata shaida bai zo ba, wani tsoho da aka ɗage tasa ya daɗe a tsaye bai gane an gama da shi ba sai da magatakarda ya yi masa bayani, wannan ya tsaya min a rai. Amma akwai ɗaya da aka saurara sosai, ana tuhumar wani saurayi da karɓar wayar sata. Na fara rubuta sassan doka kamar yadda na saba sai na tuna maganar Barista na soke, na tsaya ina saurare. Lauyan da yake kare shi bai musa cewa wayar ta sata ba ce, bai musa an same ta a hannunsa ba, duk tambayoyin da ya yi wa ɗan sandan a kan abu ɗaya suke zagaye, nawa yaron ya saya, a ina, da rana ko da dare, an ba shi rasit ko ba a ba shi ba. Sai na rubuta a littafina, sun saɓa ne a kan ko ya san ta sata ce lokacin da ya karɓa. Layi ɗaya. Hannuna har rawa yake da na rubuta.

Barista ranka ya daɗe, daidai ne? An ɗage zuwa ranar Alhamis ta sama, mai gabatar da ƙara zai kawo wanda ya sayar masa.

Barista Babba:
Daidai ne ƴata. Ki ƙara da ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton ta sata ce, ki duba lafazin sashen da aka tuhume shi da shi kafin ranar. Ki koma Alhamis ɗin ki zauna inda za ki ji muryar shaidan da kyau, ki rubuta tambaya uku da za ki yi masa da ke ce lauyar yaron, sannan ki ga ko lauyan zai yi su.

Sabon Shiga:
Anti Autar Gida ƙarfe nawa kika isa? Ina so in fara zuwa tamu gobe.

Autar Gida:
Takwas da rabi na isa, tara suka fara. Ka tafi da biro biyu.